Iskar da ta maƙale a rufin kogo: wanda ya leƙa cikinta ya fito ne, ko har yanzu yana ƙasa?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga manyan gidan nan. A ce mai nutso yana cikin kogon da ruwa ya cike, kwamfutar nutso ta hannunsa, mai auna zurfi da lissafa lokaci, na nuna mita 20, sai ya ɗaga kai ya ga rufin ya yi ƙoƙo, iska ta taru a ciki tana ƙyalli kamar madubi. Ya cusa kai da kafaɗu, ruwa ya tsaya masa a ƙirji. Matsin da ke wurin irin na waje ne ko na mita 20? Mintunan da ya yi a ciki hutu ne ko suna cikin lissafin nutso? Kuma zai iya cire abin shaƙa daga baki ya shaƙi wannan iska don ya adana ta silinda?

Uwar_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ka kife kofi, ka danna shi cikin bokitin ruwa. Iskar ciki ba ta da hanyar fita, ruwa na tura ta daga ƙasa, tana tsukewa har sai ƙarfinta ya yi daidai da na ruwan. Ƙoƙon da kake magana a kai haka yake. A bakin ruwa matsi bar 1 ne (bar shi ne ma'aunin matsi), kowace mita 10 ta ƙara bar 1. Don haka a mita 20 iskar ƙoƙon tana kan bar 3, daidai da ruwan da ke ƙarƙashinta. Da ta gaza haka, da ruwa ya ƙara hawa ya matse ta. Da ta fi haka, da ta tura ruwan ƙasa ta zube ta gefen rufin.

Abin da ake aunawa shi ne tsakanin fuskar ruwan cikin ƙoƙon da fuskar ruwan waje, inda aka shiga. Tsayin rufin ba ya cikin lissafi. Ko ƙoƙon ya kai mita 4 a tsaye, har mutum ya hau dutse ya zauna a bushe, bar 3 ɗin nan ne a kansa, domin nauyin iskar mita 4 bai kai a kula da shi ba. Dokar Boyle ce ta 1662: lita 900 na iska a waje lita 300 ce a wurin.

Mai_Ja:
Malama, ina da ja. Yaran nan 12 da kocinsu da suka maƙale a kogon Tham Luang na Tailan a 2018 sun fi mako biyu a ciki, ruwa ya toshe hanya, sai da nutso aka kai gare su. Ba a tsaya da su zangon rage matsi ko ɗaya ba, wato tsayawar da mai nutso ke yi a hanyar hawa don naitirojin da jikinsa ya sha ya fita a hankali. In maganarki haka take, ai da jikinsu ya cika da naitirojin.

Ɗan_Kogo:
Malam Mai_Ja, ka haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Inda yaran suka zauna tudu ne a saman matakin ruwa, iskar wurin kuwa ba matsattsiya ba ce kamar ta ƙoƙo. Irin wannan buɗaɗɗen ɗaki, wanda tsagogin dutse ke haɗa shi da waje ko da mutum ba zai iya bi ta cikinsu ba, matsinsa na waje ne. Rufaffen ƙoƙo kuma shi ne wanda ba ya numfashi ta ko'ina sai ta ruwa. Matsalar Tham Luang ta oksijin ce, an ba da rahoton ya sauka zuwa kashi 15 cikin 100.

Ido ba ya raba su. Ma'aunin zurfi ne ke rabawa. Ka ɗaga hannun da kwamfutar take ya fita daga ruwa, ka duba. In ta nuna sifili, buɗaɗɗen ɗaki ne, ka fito ke nan. In ta tsaya a 20 alhali hannunka a bushe yake, rufaffe ne, kana ƙasa. Kwamfutar ba ruwa take gani ba, matsi take aunawa. Kada a kashe ta ko a sake saita ta a cikin ƙoƙo, kada ta ɗauki matsin wurin a matsayin na waje, lissafinta duka ya lalace.

Mai_Ja:
Na karɓa. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Likitan_Nutso:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu. Jiki bai san jiƙa ko bushewa ba, abin da ya sani shi ne matsin iskar da ke shiga huhu. Iskar da muke shaƙa kashi 79 naitirojin ce. A waje rabonta na matsi bar 0.79 ne, a mita 20 ya zama 2.37. Dokar Henry ta ce gwargwadon wannan rabo, gwargwadon abin da zai narke a jini da tsoka da kitse. Minti 15 a cikin ƙoƙon mita 20 minti 15 ne a mita 20, ba ragi ko na daƙiƙa.

Kuma a bushe aka fara sanin ciwon kumfa, wanda ke kama mutum in matsi ya ragu a kansa da sauri, ba a ruwa ba. Ma'aikatan da suka haƙa harsashin gadar Brooklyn a Amurka suna aiki ne cikin manyan akwatuna da aka cika da matsattsiyar iska don ta hana ruwan kogi shiga, ɗaya ya kai kusan mita 24. Ba nutso suke yi ba, amma da sun fito sai ciwon gaɓoɓi, wasu shanyewar jiki, wasu mutuwa. Shi kansa babban injiniyan aikin, Washington Roebling, ciwon ya kwantar da shi a 1872. Sai a 1878 Paul Bert a Faransa ya nuna kumfar naitirojin ce ke haddasa shi, Haldane kuma ya fito da jadawalin hawa zango-zango a 1908.

Misalin da ya fi kusa da tambayarka ba a kogo ya faru ba. A watan Mayu 2013 jirgin ruwa mai jan wasu jirage, mai suna Jascon 4, ya kife a gaɓar tekun Najeriya, ya kwanta a kimanin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a cikin iskar da ta maƙale a ciki. Bar 4 ke nan. Lissafin Bühlmann da yawancin kwamfutocin nutso ke bi ya kasa jiki gida 16, mafi saurin sha yana cika rabi cikin minti 4 zuwa 5, mafi nawa kuma minti 635. Awa 60 ta kusa ninka 635 ɗin sau shida, wato jikinsa ya ƙoshi gaba ɗaya. Da an ja shi sama kai tsaye, da wuya ya kai labari. Hular nutso aka sa masa, aka shigar da shi tulun ƙarfen masu ceto a ƙarƙashin ruwa, aka rufe, aka ɗaga shi da matsinsa zuwa ɗakin matsi, ya ƙara fiye da kwana biyu ana sassautawa a hankali. A mita 30 ɗin nan, wanda ke shaƙar iska zalla, irin wadda muke shaƙa kullum, minti 20 kacal ko kusa da haka yake da su kafin zango ya wajaba a kansa.

Sabon_Shiga:
Allah ya ƙara basira, Likita. To batun shaƙar iskar fa? Shi Okene ai ita ta raya shi.

Tsohon_Hannu:
Ta raya shi don iskar ɗakin jirgi ce da ta maƙale ranar da ya kife, sabuwa ce. Ta kogo ba ka san shekarunta ba, ba ka san uwarta ba. Ƙa'idar ita ce abin shaƙa ba ya barin baki. In dole sai an yi magana, a ja numfashi daga silinda, a cire, a faɗi kalma biyu, a mayar.

Ƙananan ƙoƙunan da ake gani a kogunan da ake yawan shiga, akasarinsu kumfar masu nutso ce ta taru. In masu tiraimiks ne suka wuce, waɗanda ke haɗa hiliyam don zurfi, iskar da suka fitar tana iya zama oksijin kashi 10 ko ƙasa. A mita 3 wannan bar 0.13 ne. Ƙasa da 0.16 hankali ya fara gushewa, wajen 0.10 suma ce, kuma ba ta sallama: ba shaƙewa, ba zafi, mutum dai ya sulale cikin ruwa. Wadda ta daɗe kuma, ruɓewar ganye da itace da ƙwayoyin halitta sun cinye oksijin ɗinta sun bar kabon dayoksaid, wani wuri har da iskar mitan mai kama wuta ko iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ita wannan mai warin, in ta yi yawa, hanci take fara kashewa, sai mutum ya ɗauka warin ya tafi. Kada wani ya ce zai gwada da wuta.

Uwar_Lissafi:
Ga inda zurfi ke ƙara mugunta. Kaso ba shi ne ke aiki a jiki ba, kaso sau matsi ne. Kabon dayoksaid kashi 2 a waje ɗan haki ne da ciwon kai. Kashi 2 ɗin a bar 3 ya zama 0.06, daidai da kashi 6 a waje, wanda ke kawo haki mai tsanani da ruɗewa. A mita 40 ya zama kamar kashi 10, wannan kuwa suma ce.

A ce ma iskar tsabtatacciya ce, mutum ya maƙale, bari mu ga nawa za ta kai shi. Ƙoƙo mai faɗin mita 2, tsawo mita 2, tsayi rabin mita, lita 2,000 ke nan. Mutum a zaune, da sanyi da tsoro, a ce yana cin oksijin rabin lita a minti yana fitar da kabon dayoksaid lita 0.4, a ma'aunin waje. A awa guda oksijin ya ragu da bar 0.015. Ya fara da 0.63 a mita 20, don haka sai ya haura awa 30 kafin ya sauko 0.16. Amma kabon dayoksaid na hawa da 0.012 a awa, cikin awa huɗu da 'yan mintuna ya kai 0.05. Zurfi ya ninka masa oksijin sau uku, bai ƙara masa ko minti ɗaya ba ta ɓangaren kabon dayoksaid, domin wannan girman ƙoƙon kawai yake bi. Mutum biyu, a raba lokacin biyu. Abin da ke taimako shi ne ruwa na shan kabon dayoksaid sosai, don haka faffaɗan ƙoƙo mai ruwa mai gudu a ƙasa ya fi dogon siriri, kuma fantsama ruwa da hannu na ƙara shan.

Ɗan_Kogo:
Ko babban ɗaki bai tsira ba. Xisco Gràcia, gogaggen mai nutson kogo, ya yi kusan awa 60 a wani ɗakin iska a kogon Sa Piqueta na tsibirin Mayorka a Sifen, a Afrilu 2017, bayan igiyar jagora ta tsinke iskar silinda kuma ba ta isa mutum biyu fita ba. Kabon dayoksaid ɗin ɗakin wajen kashi 5 ne. Ya rayu, amma da ciwon kai, rashin barci da gane-gane.

Mai_Silinda:
Akwai ɓarnar da ba a ambata ba, ta lissafin kwamfuta. A ce an saita ta a naitroks 32, wato iskar da aka ƙara wa oksijin ya kai kashi 32, naitirojin kashi 68. A mita 20 tana lissafa 2.04. Mutum ya cire abin shaƙa ya yi minti 20 yana shaƙar iskar ƙoƙo wadda oksijin ɗinta ya sauka zuwa 15, naitirojin 85. Ba zai ji komai ba, domin 15 sau 3 ya ba da 0.45, ya ishe shi har da ragi. Amma naitirojin da yake sha 2.55 ne. Kwamfutar na yi masa lissafin wanda ke kusan mita 16 da iska zalla, jikinsa kuwa na shan na mita 22. Zai fito tana nuna masa komai lafiya alhali akwai bashi a jiki.

Mai_Ja:
To ashe buɗaɗɗen ɗaki ne mai sauƙi. Ka fito, ka huta, ka koma.

Tsohon_Hannu:
A'a ɗan'uwa, a nan gizo ke saƙar. Ta fuskar ciwon kumfa, ni a ganina buɗaɗɗen ya fi cin mutane. Rufaffen ƙoƙo a mita 20 ba ya sa ka hau ko'ina, matsi bai canza ba, lokaci kawai yake ci. Buɗaɗɗen ɗaki kuwa fitowa ce ta gaske. A kogon da ruwa ya cike lungu, sai busasshen wuri, sai wani cikakken lungun, duk bashin zangon da aka ɗauka a lungu na farko sai an biya shi kafin a ɗaga kai a ɗakin tsakiya. In kwamfuta ta ce minti 12 a mita 6 da mita 3, a can cikin kogon za a yi su, ba a ajiye su sai an dawo ƙofa.

Abin da hakan ke jawowa a tsari: iskar zango tana tafiya tare da mai nutso ko a ajiye ta a ƙarshen lungun ta ciki, ba a bakin kogo kaɗai ba. Lissafin kashi uku, ɗaya shiga, ɗaya fita, ɗaya ajiya, sai an sake shi da zango biyu a ciki. Dawowa nutso na biyu ne da ragowar naitirojin a jiki, zangonsa zai fi na shiga tsawo. Sannan mafi muni, da an fito sai a hau ɗaukar silinda a kafaɗa ana hawan duwatsu zuwa lungu na gaba. Aikin ƙarfi a awar farko bayan nutso yana tayar da kumfa. A zauna tukuna, a sha ruwa, a ɗumama jiki. Ciwon kumfa a bayan cikakken lungu yana nufin mara lafiya sai ya sake nutso kafin ya ga likita.

Haka yake ko ba ɗaki, in hanyar ce ta hau daga mita 35 zuwa mita 4 ta sake gangarawa. Dutse ne ke zaɓa maka zurfi. A duba taswirar tsaye ta kogon kafin a shiga, a san inda tudun yake.

Uwar_Lissafi:
Akwai na uku, ba a cika haɗuwa da shi ba amma yana nan. Ka cika kofi a cikin bokiti, ka kife shi, ka ɗaga gindinsa sama da ruwan ba tare da bakin ya fita ba. Ruwan zai biyo shi. In matakin ruwan kogo ya sauka bayan ambaliya, rufaffen ƙoƙo na iya riƙe ruwa sama da matakin waje, matsin iskarsa ya gaza na waje. Fuskar ruwan ciki in ta ɗara ta waje da mita 3, matsin bar 0.7 ne, kwatankwacin dutse mai tsayin mita 3,000. Mai bashin naitirojin da ya leƙa nan kamar an ɗauke shi ne daga ƙasan ruwa an ɗora a kan dutsen nan take. Alamarsa: kwamfuta ta nuna sifili amma har yanzu akwai ruwa a saman kai. A tsaya nan.

Matsin ƙoƙo kuma ba a kafe yake ba. Ruwan sama ya ɗaga matakin bakin kogo da mita 5, ƙoƙon da ke mita 5 ya koma kusan 10, daga bar 1.5 zuwa 2, iskarsa ta tsuke zuwa kashi uku cikin huɗu. A kogunan da ke haɗe da teku hakan na faruwa kullum da cikar teku da janyewarsa.

Sabon_Shiga:
To me ya sa na ga ana cewa masu dogon nutso da gangan suke yin irin wannan ƙoƙon?

Mai_Silinda:
Suna yi, amma don zango, kuma iskar silinda suke shaƙa a ciki. Bukka ce ta ƙarƙashin ruwa: tankin roba na lita 1,000 a yanke gindinsa, ko babban kwami a kife, a hura masa iska. Bill Stone ya yi amfani da irinta a Wakulla ta Florida a 1987. A kogon Pearse na New Zealand, inda ruwa ke kan digiri 6 kuma Richard Harris da Craig Challen suka kai mita 245 a 2020, bukkoki huɗu ake jerawa, daga mita 40 zuwa mita 7.

Lissafinta: lita 1,000 na iska tana ɗaga tan guda. Ko dai a jingina ta da rufin dutse mai ƙwari, ko a ɗaure da igiyoyi da ƙusoshin da kowannensu zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai. In ta kuɓuce da mutum a ciki ta yi sama, zangon duka ya tafi. Cika ta a mita 6 na cin lita 1,600, kashi biyu cikin uku na silinda mai lita 12 a bar 200. Zurfin bukka kuwa fuskar ruwan cikinta ne, kamar yadda Malama ta faɗa tun farko. Oksijin zalla a mita 6 bar 1.6 ne, iyakar da aka yarda da ita a zango. In rufin bukkar na mita 6 amma an hura iska har ruwan ya sauka bakinta a mita 7, mutum na shan 1.7 yana zaton 1.6 ne.

Likitan_Nutso:
Amfaninta biyu ne a likitance. Oksijin mai yawa na kawo farfaɗiya ba tare da gargaɗi ba. A cikin ruwa abin shaƙa ya faɗi daga baki, mutum ya nutse. A bukka, in a zaune yake an ɗaure shi, zai farfaɗo. Gwaje-gwajen Kenneth Donald a sojan ruwan Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu sun kuma nuna jiki ya fi jure oksijin a bushe fiye da a ruwa. Na biyu ɗumi ne. Jiki mai sanyi jijiyoyin fatarsa da gaɓoɓi sun tsuke, naitirojin ba ya fita da sauri. Binciken sojan ruwan Amurka na 2007 ya nuna ɗumi a lokacin zango na rage ciwon kumfa ƙwarai. Duk da haka ana yanka oksijin da hutu, misali minti 20 a kai, minti 5 a iska mai ƙarancinsa.

Tsohon_Hannu:
A ƙara da cewa oksijin da ake fitarwa yana taruwa a bukkar. Maiko, man shafawa, batirin da ya tsage, duk abin wuta ne a wurin. A riƙa wanke ta da iska zalla lokaci-lokaci, wannan na kore kabon dayoksaid ma. Shiga da fita su ne lokacin haɗari, don kaya a cire suke, sai da mai tsaro a ruwa a gefe, kuma a sauka daga oksijin a koma iskar silindar da ke goye a baya kafin a fita.

Likitan_Nutso:
Saura masu nutso da riƙe numfashi, ba silinda, da ke leƙa ƙananan ƙoƙuna a bakin kogo. Wanda ya sauka da iskar waje a huhu ya dawo da ita ba abin da zai same shi, ta tsuke ta koma yadda take. Amma ya cika huhu a ƙoƙon mita 5, ya ɗauki iska a bar 1.5. Lita 6 za ta nemi zama 9 a sama. Huhu cike yana iya yagewa da hawan da bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, kumfa ta shiga jijiyar jini ta wuce ƙwaƙwalwa. Wanda ya riga ya shaƙa, ya hau a hankali baki buɗe yana fitar da iska har sama.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. In na fahimta, a ƙoƙo abin yi shi ne hannu ɗaya a igiya, abin shaƙa a baki, ido a kwamfuta.

Ɗan_Kogo:
Haka ne, sai dai igiyar jagora galibi a ƙasa take bi, ƙoƙon kuma a rufi. Kafin ka bar ta ka ɗaura ƙaramin zare a jikinta, ka sa alamar da ke nuna hanyar fita, ka hau da zaren a hannu. Kumfarka da kanka za su kakkaɓo laka da ɓarɓashin dutse daga rufin, kafin ka sauko ruwan da ka bari garau ya zama ba ka ganin tafin hannunka. Ka ɗan hura rigar iska, wadda ke sa mai nutso yin iyo a sama, don ka tsaya ba tare da harba ƙafa ba, ka tuna ka sace ta kafin ka sauka, kuma gilashin fuska ya zauna inda yake.